Ƙasar da ke Gwiwar Sojan Kumandan

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Idi, mai raba dambe a Dungas. Da aka gayyace ni kallon dambe a Magaria kwanan baya, na ga alƙali da usur a baki, wasu na zaune suna ba da maki, sai na ce ko me Yaya zai ce? Shi bai san maki ba. A wurinsa, in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare.

Zamanin Faransawa ne, bayan an gama yankan gero. Ina saurayi, mahauci, ina ji da hannuna. Ranar kasuwa wani sojan kumandan mai mulkin yankinmu, ƙato, ya ɗaure hannu ya shigo fili. Kowa ya sunkuyar da kai, don shi ke zaɓen mutanen da ake kwasa aikin hanya, kuma ba duka ke dawowa ba. Ya nuna ni. Ba a ƙin kira a gaban makaɗa, sai na fito.

Na yi niyyar in sha duka in faɗi. Sai dai a turmi na biyu tsoro ya sa na kai naushi ido rufe. Gwiwarsa ta dunguri ƙasa, ya yi wuf ya miƙe. Kalangu ya ɗauke. Duk fili an gani, ba wanda ya yi ko tari. Na dubi idonsa, na san wannan ba dambe zai ci gaba da yi da ni ba.

Yaya ya shigo tsakaninmu. Ya durƙusa, ya shafi gwiwar sojan, ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya ɗaga tafinsa, ƙasa na zubowa.

"Ranka ya daɗe, an kashe," ya ce.

Washegari sojoji suka tafi da Yaya aikin hanya. Sai damina ya dawo, a rame, da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Bai sake raba dambe ba.

Mutane sun yi ta yabon ƙarfin zuciyarsa. Da muka tsufa na tambaye shi ko bai ji tsoro ba ranar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, ba ka ga na daɗe a durƙushe ba? Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata. Amma da na yi shiru, a turmi na uku gawarka zan ɗauko wa Inna."

Filin nan yanzu gidaje ne, makaɗan duk sun mutu. Abin da ya rage na Yaya ni ne, tsoho mai jikoki, ina numfashi da ƙirji lafiyayye. Allah ya jiƙansa, nasa ƙirjin ya bayar domina.