Yaya da Tagar Ƙorafi

Shekara goma sha huɗu Yayata ta yi a bayan taga ɗaya a ofishin kamfanin ruwa, wadda aka rubuta "Ƙorafi" a samanta. In an taƙaita, aikinta a zage ta. Ba ta taɓa riƙe sifanar gyaran famfo ba, amma duk wanda ya wayi gari famfonsa na tarin iska, a kanta zai zo ya sauke. Kujerarta ƙafa ɗaya gajera ce, da kwali aka tokare ta. Fankar sama kuwa ƙara kawai ta iya.

Da tafiya ta yi nisa sai ta samo dabarar tsira. Mutum na fara faɗa za ta sunkuya kan fom, ta tsinci sunan layi da lambar gida, sauran maganar ta bar ta ta bi iska. In ya yi shiru ta ce an ji, za a duba, ta miƙa masa 'yar takarda mai lamba. Haka take sallamar mutum saba'in ko tamanin kafin a tashi.

Amma jiki magayi. Ciwon kai ya kafa mata sansani a ƙeya, tana datse haƙora har ɗaya ya tsage, abinci a tsaye take cinsa ba ta san me ta ci ba. Wannan fa ita ce wadda muna yara take kwaikwayon malamanmu har cikinmu ya ƙulle don dariya. Ni da ke wani gari, in na zo sai in tsokane ta da Madam Za-a-duba, ta yi murmushin da bai kai ido ba. Na ɗauka tsufa ne ya fara leƙo ta.

Innarmu a wurinta take zaune. Wata rana na zo, na miƙa wa Inna kofin ruwa ta hagu, sai na ga hannunta yana lalube a iska. Da na matsa mata ta ce ai hayaƙi ya daɗe a idon nan, kuma sau uku tana faɗa wa Yaya. Duk ukun Yaya na cire takalmi a bakin ƙofa ta ce an ji, za a duba. Inna kuwa ba ta maimaita magana sau huɗu ko wa sarki ne.

Likita ya ce na hagun ya tafi, da an zo wata uku baya da wataƙila an cece shi. Na daman za a iya riƙe shi da maganin ɗigawa, muddin duk canjin da ta gani ta faɗa a ranar.

A barandar asibitin na wanke Yaya tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ina jiran ta rama, sai ta zame ta zauna a benci.

"Wallahi ban ji ta ba," ta ce. "Na san bakina ya amsa, amma ban ji ta ba."

Haushina ya koma tausayi, kuma ban so hakan ba, don ban gama faɗan ba. Nas ɗin da ta ga yadda take numfashi ta ja ta ta gwada jininta, ya hau sosai. Likitan da aka tura ta wurinsa ya rubuta ƙwaya, ya ce ita kaɗai ba za ta isa ba. Ya tambaye ta me take yi tsakanin taga da gida. Ta ce cunkoson mota.

Ta roƙi ogansu ya riƙa mayar da ita ɗakin fayil kwana biyu a mako, ya ba ta ɗaya da ƙyar. Yanzu tana sauka tasha biyu kafin gida, waya a jaka, ta taka a hankali ta jikin katangar wata makaranta mai itatuwa. Wani lokacin ta kira ni ta kwaikwayi mafi masifar wanda ya zo ranar, mu yi dariya. Ba zan ce ta warke ba. A gajiye take dawowa har gobe, sai dai da kunnenta take shiga gida.

Matsalar ita ce Inna ta ja bakinta ta tsuke. Kullum aka tambayi ido, lafiya lau. Na kira, lafiya lau. Mu duka mun san ba a kama ta da ƙarya, ba a kuma sa ta dole.

Ranar da na koma, da yamma, Yaya ta shigo da ƙura a ƙafa, ta ajiye jaka ta zauna a ƙasa kusa da Inna, ta tambayi idon.

"Ba komai. Je ki huta, kin gaji."

"Na gaji, Inna. Amma ba inda za ni."

Da na ƙosa, na fara kwashe shanya. Yaya ba ta motsa ba. Can Inna ta juya mata ɓangaren dama, ta yi ƙasa da murya.

"Tun shekaranjiya gefensa ya fara duhu."

Yaya ta mayar da ƙafarta cikin takalmi, ta ce in ɗauko katin asibiti.