Gardamar Burtali a Bonkuku

Ana idar da sallar asuba muka bar Filingue, ni da ɗalibaina uku na ajin ƙarshe, a bayan motar wani ɗan kasuwa mai kai fatu Yamai. Bonkuku muka nufa. Bature mai duba makarantu ne ya shirya gardama tsakanin lekol ɗinmu, wato makarantar boko, da ta can, a kan ko ya dace a faɗaɗa burtalin shanun da ya ratsa gonakin kwari. Mu aka ba ɓangaren manoma. Kowa ya san Baturen na neman malami ɗaya da zai mayar Yamai, ni ko na daɗe da sa rai.

Ban yi wasa da shiri ba. Tun kaka nake tura yaran gona-gona su tambayi waɗanda shanu suka taɓa yi wa ɓarna. In sun dawo sai in zama makiyayi, in yi ta musu da su har in rasa ta cewa.

Hanyar rairayi ce zalla. Mota ta kafe, muka sauka muka tura, warin fatu kuwa ya kama mu har cikin riguna. A wani ƙauye muka zauna gindin gawo, muka sha fura mai kauri ga araha, muka ci kwaɗon ganye da barkonon da ya sa direba kansa hawaye.

Malamin Bonkuku abokin karatuna ne, kuma a bayana yake a aji. Na tarar da shi da sabon keke, yara na rububin riƙe masa. Ya yanka mana zabuwa. Muna gama ci na hango shi gindin goruba da babban ɗalibina, sun haɗa kai suna magana. Na yi ta satar kallonsu.

Washegari aka taru a farfajiyar lekol, ga Bature ga dattawan gari. Yaran Bonkuku suka yi bayani mai daɗi a kan nono da taki. Yarona ya miƙe ya kawo duk abin da muka shirya, sannan ya ƙara wanda ban san da shi ba. Ya ce ba ƙuncin hanya ke jefa shanu gona ba, ƙishi ne, suna yankewa ta gonaki su kai tabki. A gina rijiya kan burtali, a bar gonaki. Dattawa suka gyaɗa kai. Mu aka ba nasara.

Baturen ya tambaye shi inda ya samo wannan. Ya nuna abokina, ya ce, "Mushensu, malamin nan, shi ne ya ce in tafi bakin burtali in tambayi masu shanu da kaina."

Na ja abokin nawa gefe. "Kai, mi ya sa ka taimaki yarona ya ka da naka?"

"Naka ya tambaye ni," in ji shi. "Nawa ba su tambaya ba."

Kafin mu hau mota labari ya fito: abokin nawa za a kai Yamai.

A hanyar komowa yaran suka yi ta waƙa, kowane baiti da sunansa ciki. Na ce kaina ke ciwo, su yi shiru. Da magariba muka shigo Filingue.

Tafiyar ta nuna mini na iya kwaikwayon makiyayi a aji, amma ban taɓa tura yaro wurin na gaske ba. Baɗi zan tura su. Sai dai har yau in aka ambaci Bonkuku a majalisa, nakan tashi in ce zan duba akuyata.