Nono Ba Ya Wanke Hayaƙi

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu muƙami na manta da mutane, Allah ya yafe muku. Kwance nake, ina koyon numfashi.

Kun san aikina: ina cikin waɗanda hukuma ke turawa idan bala'i ya auka wa wani gari. Bayan girbi wuta ta kama dajin kiwo a wata ƙaramar hukuma da ke bayan Yamai. Magajin garin ya nemi agaji, muka tafi tare da 'yan kwana-kwana.

Ruwan motarsu bai kai ko'ina ba. Da ɗanyun rassa aka yi ta dukan wutar, wasu na share ciyawa a gabanta don ta rasa abin ci. Ni ma na shiga, tun hantsi har la'asar.

Da ta lafa aka ba ni aikin zaɓen waɗanda za a sa a ambilans. Mota ɗaya ce tak. Sai na yanke: wanda na ga ƙuna a jikinsa, shi zai shiga.

Wani dattijo makiyayi, Baffa Juli, wanda ya koma cikin hayaƙin sau uku yana fito da maruƙansa, ya zo yana tari, murya a dishe.

"Ɗana, ƙirjina ya yi nauyi."

Na juya hannuwansa, na duba ƙafafunsa. Ko ƙwarzane babu.

"Baba, lafiyarka lau. Ka sha nono, zai wanke hayaƙin."

Haka muka taso muna ji. Ya yi godiya, har ya sa aka kawo ƙwarya guda muka sha tare.

Washegari a gidana da ke unguwar Bukoki, na tofar da yawu baƙi kamar gindin tukunya. Matata Ramatu ta ce mu tafi asibiti. Na ce ta dama mini madara. Taurin kai dai, kun san ni.

Kwana na biyu na tashi alwalar azahar, na kasa isa wurin buta. Ga iska ko'ina, amma ta ƙi shiga.

Ramatu ba ta ƙara neman shawarata ba. Taksi ta tsayar.

A asibiti suka maƙala mini wani abu a yatsa mai auna iskar jini. Likitar ta kalle shi, ta daina murmushi. Aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka rufe mini fuska da robar oksijen. Kafin nan likitar ta haska hancina ta ce, "Gashin nan duk ya babbake. Malam, ta ciki ka ƙone. Nono ciki yake zuwa, hayaƙi kuma huhu. A ina za su haɗu?"

Kwana tara na yi a ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai. Kullum sabuwar takardar magani, har sai da aka sayar da babur ɗina.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ko kalmar shahada sai na yanka ta biyu.

Ranar da aka cire robar na tambayi abokin aikina labarin Baffa Juli. Ya sunkuyar da kai. Ya ce kwana biyu bayan gobarar dattijon ya cika, a kan amalanke, ana hanyar kai shi likita.

Yanzu alhamdu lillahi ina takawa zuwa masallaci. Matakalar ofis a unguwar Plato ce sai na huta sau biyu. Makon jiya na bi masu kai wa garin dusar dabbobi, na je gaisuwa. Babban ɗan marigayin ya riƙe hannuna ya ce, "Baffa ya ce kai da kanka ka duba shi. Ya sa maka albarka."

Da ma zagina ya yi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da Ramatu da ta ƙi jin maganata, da ku masu addu'a.

Don Allah ku riƙe wannan. Duk wanda ya daɗe cikin hayaƙi, in muryarsa ta dishe, ko yawunsa ya yi baƙi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, a kai shi asibiti ranar, ko da jikinsa sumul yake. Kada a jira. Abokan aikina, ku saurari numfashi, ba fata kaɗai ba.

Ku sa Baffa Juli a addu'a. Ranar nan akwai sauran wurin mutum ɗaya a ambilans, kuma ni na rufe ƙofar.