Ɗigon da Kawu Ya Bari

A shagon da muke aiki Mai Shara ake ce wa Kawuna, alhali bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Shararsa a cikin kwamfuta take. Mutane kan kawo zanen da suke so a sassaƙa musu a katako ko tagulla, yawanci kuwa sai ka rantse kaza ce ta yi tono: layi biyu kwance a kan juna, da'irar da bakinta bai haɗu ba, lanƙwasa ɗaya mai gaɓoɓi fiye da ɗari. Kawu zai kusanto da zanen, ya haɗe inda ya yanke, ya cire maimaici, ya rage gaɓoɓin, sannan ya tura wa injin da ke ɗakin baya. Yakan ce injin ba shi da hankali, biyayya kawai ya iya.

Ya san abin da yake faɗa, don da can shi ne a kan injin. Wata rana aka kawo zane da ɗigo guda can nesa da shi, inda ba mai dubawa. Injin ya gama aikinsa tsaf, sai ya zabura ya je ya sassaƙa ɗigon, wanda ya faɗa daidai kan ƙarfen da ke matse katakon. Haƙorin injin, wato tsinin da ke sassaƙar, ya karye, guntun da ya ɓalle ya tafi da idon Kawu na hagu. Daga nan ya koma kujerar kwamfuta da wata al'ada. Kafin ya tura aiki sai ya ƙanƙantar da zanen har ya zama kamar ƙuda a tsakiyar allon kwamfutar, ya bi farin filin da ke kewaye lungu-lungu da idon da ya rage. Mukan tsokane shi da cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba ya dariya.

Ni ce mai karɓar aiki a gaban shago, mijina kuma shi ya gaji injin. Mutum ne mai taurin kai. Tabaran kariya kullum a goshinsa suke, ga shi da son sunkuyawa yana hure garin katako, fuskarsa dab da haƙorin. Na yi faɗa har na gaji. Amsarsa ɗaya ce, wai aikin da ya bi ta hannun Kawu ko jariri sai a kwantar a gefensa.

Bana na fara ganin abin da ba na so. Kawu yana yawan goge allon da hannun riga. Yana korar ƙudan da babu su. Da na ritsa shi yana ta ƙoƙarin share ɗigo a wurin da babu komai, sai ya gaya min gaskiya: baƙaƙen ɗige-ɗige ne ke yawo a idonsa. Ya ce ya gane su, in ya juya ido sai su bi shi. Ya roƙe ni kada mai shago ya ji, don ba mai ajiye mai ido ɗaya wanda idon ma ya fara yi masa ƙarya. Kawu ne ya rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Na rufa masa asiri, amma duk sanda injin ya tashi sai hankalina ya koma kan mijina.

Ranar da aka kawo aikin allon sunan wata makaranta, na kai wa Kawu ruwa yana duban ƙarshe. A kusurwar ƙasa akwai ɗigo. Ya ƙura masa ido, ya karkata kai, ya kaɗa hannu.

"Wannan nawa ne," in ji shi, ya tura aikin.

Ni kuwa idona biyu, kuma na ga ɗigon, bai motsa ba.

Na koma teburina. In na yi magana aikin Kawu ya ƙare, na sani. Ina ta ce wa kaina wataƙila ƙura ce a allon kwamfutar. Injin yana ta kuka, yana cin harafi bayan harafi. Da kukan ya yanke na ji haƙorin ya ɗaga ya kama tafiya, ban san sanda na isa ɗakin baya na doki jan maɓallin tsayar da injin ba.

Haƙorin ya tsaya a saman ƙarfen matsi, yatsa biyu ya rage. Mijina na sunkuye a gefensa, ya tsuke baki zai hura, tabaran na goshi. Ya fara min masifar na ɓata masa aiki. Mai shago ya shigo yana tambayar abin da ya faru. Sai ga Kawu a bakin ƙofa. Ya dubi inda haƙorin ya tsaya, hannunsa ya tafi ramin idonsa na hagu.

"Ashe ba nawa ba ne."

Ya koma kujerarsa muna biye da shi, ya nemo ɗigon da ƙyar ya share. Ya daɗe yana kallon farin filin. Sannan, a gaban mai shago, ya matsa min gefe.

"'Yar nan, zo ki duba min. Akwai saura?"