Mutumin da ya ba da aron fuskarsa

Orval Stebbins bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma a ƙauyenmu na jihar Vermont, in kaza ta ɓata gidansa ake fara kallo, kuma ni Verna ina sahun gaba a masu kallon.

Fuskarsa ce ta ja masa: dogon hanci, ido ɗaya a lumshe, ga tabon gatari a kumatu tun yarinta. Shi ke share makarantar firamare, yana hura mata wutar ɗumi. Ana nan sai Mista Ashcroft, mai zanen littattafan yara, ya tare a garin. Shi ba ya zana mutum da ka, sai ya zaunar da maƙwabci a gabansa. Matar fasto ta zama sarauniya, mai kanti ya zama alƙali. Ranar da ya ga Orval kuwa, har hula ya cire.

"Bawan Allah, ara mini fuskar nan taka."

"In ka iya gyara ta, na bar maka," in ji Orval, yana dariya.

Littafi bakwai ya fito a ciki: ɗan fashin teku, ɓarawon doki, daga ƙarshe mai cusa yara a buhu. Tun ana tsokanarsa a shagon aski, "Orval, yau ɗan wa ka sace?", har wasa ya daina zama wasa. Ni dai na ce a raina, duk mazan garin nan, me ya sa shi aka zaɓa? Ruwa ba ya tsami banza.

A ƙarshen hunturun 1952, 'yata Lorna mai shekara shida ta bi kare cikin daji bayan an tashi makaranta. Awa uku muna nema cikin ƙanƙara. Da la'asar sai ga Orval ya fito da ita a naɗe cikin kwat ɗinsa, tana tsala ihu tana dukan ƙirjinsa. Na fizge ta, ko kallonsa ban yi ba.

Washegari aka kira taro a coci, a yanke ko zai ci gaba da aiki kusa da yaranmu. Mijina Dwight ya miƙe.

"Yaya aka yi kai kaɗai ka san inda take?"

"Sawunta na bi, Dwight."

"To ihun fa?"

"Ƙafafunta ne suka daskare, na ɗumama su. Da zafi in jini ya dawo."

Wani daga baya ya ce, "Ai mai buhu ba ya rasa amsa." Aka yi dariya. Orval ya juya wajen mai zane.

"Mista Ashcroft, ka faɗa musu mana. Kai ka ce in riƙa murtuke fuska."

A bayan Ashcroft nake zaune, ina ganin takardar da ke kan gwiwarsa da fensir yana gudu a kai. Ko kai bai ɗaga sosai ba.

"Kada ka motsa, Orval. Minti ɗaya."

Aka kore shi a ranar. Ya koma yankan katako a garin gaba, shekara goma sha tara bai sake taka titinmu ba har ya mutu. Ashcroft ya riga shi mutuwa, aka sa wa ɗakin karatu sunansa, aka rataye zanen ranar taron a bakin ƙofa. Baƙi har yau suna tsayawa a gabansa suna cewa da gani ka ga mugu.

Mu shida muka je jana'izar Orval, ni ma Lorna ce ta zo daga Boston ta matsa mini. A hanyar dawowa tana tuƙi, sai ta ce:

"Mama, ƙafafuna ya tura cikin rigarsa, a kan fatar cikinsa. Yana rawar sanyi yana mini waƙa."

"Haba Lorna, kina ƙarama, ina za ki tuna?"

"Na gaya miki ranar, kina mini wanka. Kika ce mafarki na yi."

Na tuna sarai. Da maganar nan a bakina na shiga taron cocin, na zauna, na ɗaga hannu tare da sauran masu cewa a kore shi.