Shanun Da Na Nuna A Rugar Baffa Sambo

Kafin a fara kirana ɗan damfara, ɗan acaɓa ne ni. A Ɗanzomo aka haife ni, a nan na tashi, babur ɗina kuma shi ne gonata ta rani. Ina ɗaukar fasinja zuwa Sule Tankarkar ranar kasuwa, wani lokacin har Gumel, in dawo da cefane a gaban tanki. Matata Hadiza ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ba kuma wanda yake bina ko sisi. Ba zan faɗi sunana ba saboda 'ya'yana suna makaranta, abin da suka sha a bakin yara ya isa. Amma ku matasa, ina so ku ji yadda mutum mai rufin asiri yake tona wa kansa asiri da hannunsa.

Da mahaifina zai rasu, ya bar mini gona da wata jar karsana mai guntun ƙaho. Karsanar ba a gida take ba, tana rugar amininsa Baffa Sambo, wani dattijon Bafulatani da ke zaune a dajin da ke tsakaninmu da Sule Tankarkar. Haka ake yi a wajenmu. Mutumin gari in ya sami rarar kuɗi sai ya sayi dabba ya kai ruga kiwo, ta shiga garke ta saje. Mai ruga ya san ta wane ce, amma ba zai taɓa faɗa wa wani ba, ko da kuwa ƙanin mai ita ne ya tambaya. Ba ya ƙidaya shanu a gaban mutane, ba ya kuma kunyata wanda ya zo masa da baƙo. Rabin garken Baffa Sambo na mutanen gari ne, saboda kowa ya san bakinsa a rufe yake.

Abin da ya fara lalata ni wata majalisa ce a Gumel, gaban wani mai shayi. Samari ne sa'o'ina, kowa da shadda mai maiƙo da waya mai tsada, ni kuwa in zo da rigar acaɓa duk ƙura. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai matsa can, kada ka shafa mana baƙin mai." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Da salla ta zo na karɓi shadda bashi a wajen mai yadi. Na karɓi waya a kan zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na fara cewa mai shayi ya zuba wa kowa a kaina. Ranar da aka fara kirana Alhaji da wasa, wallahi sai da na ji kamar na sauka daga jirgi. Daga baya na gane yawancin 'yan majalisar nan su ma bashi ne a jikinsu tun daga hula har takalmi.

Ana cikin haka gwamnati ta kawo bashin noman riɗi: taki, iri, maganin feshi da 'yan kuɗin aiki, a biya da kaka. A wajen rabon ba wanda na ji yana maganar biya. Kowa cewa yake, "Rabonmu ne, su ma na sama ai ci suke yi." Na karɓi nawa, na sayar da takin tun a bakin sito, na sayar da babur ɗina na haɗa kuɗin na sayi wata tsohuwar mota. Gonar ko sharar ta ban yi ba. Hadiza ta ce, "Maigida, wannan motar da me za mu riƙa ciyar da ita?" Na ce mata ta bar shiga abin da ba ta sani ba.

Kaka ta zo, masu karɓar bashi suka zo da ita. Ashe wannan karon da gaske ake. Ga mai yadi, ga mai waya, ga makanike, ga mai shayi ya fara ɗaure fuska in ya hango ni. Da a nan na tsaya na sayar da motar na koma kan babur, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ina, wa zai koma acaɓa bayan an kira shi Alhaji? Sai na nufi Maigatari wajen Alhaji Tanko, wani ɗan kasuwar riɗi da yake ba da rance. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To me kake da shi da zan gani?"

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi kawai. Na ce, "Ina da shanu a ruga."

Ya ce, "Mu je in gani."

Baffa Sambo ya tarbe mu da murna. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar aduwa, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Da muka sha, na ja Alhaji Tanko bakin garke na fara nuni da yatsa: wancan farin bijimin, waccan mai ciki, waɗancan biyun na kwance. Baffa yana tsaye a bayanmu, ya rataya sanda a kafaɗa, yana ji. Alhaji Tanko ya juya ya ce, "Baffa, kiwo ya yi kyau." Baffa ya ce, "Mun gode Allah." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alhaji Tanko ɗan yankin ne, ya san Bafulatani ba ya cewa wannan ta wane ce, don haka ya ɗauki shirun a matsayin shaida. A ranar ya ƙirgo mini kuɗi.

A hanyar komawa, maimakon in ji tsoro, daɗi na ji. Na gano cewa kunyar dattijon nan jari ce, kuma ba wanda ya riga ni ganowa. Wannan tunanin shi ne abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Kuɗin Alhaji Tanko na toshe bakin masu bina da su, sauran suka tafi a mai da tsire. Da lokacin biyansa ya matso, na kai wani mutumin Gagarawa Tasha rugar, na nuna masa farin bijimin nan dai, shi ma ya ba ni rance. Bayansa na kai wani. Kowane zuwa a shimfiɗa tabarma, a kawo nono. Sau ɗaya ne Baffa ya ja ni gefe bayan baƙon ya nufi mota.

Ya ce, "Ɗana, baƙin nan naka suna yawan kallon shanu."

Na ce, "Abokai ne, Baffa, sha'awa kawai suke yi."

Ya kalle ni, ya ce, "To. Karsanarka ta haihu, ba ka tambaya ba."

Na ce madalla, na wuce. Ko waiwayawa ban yi in ga maraƙin ba, don abin da yake nawa na gaskiya ya yi mini ƙanƙanta.

Daga nuni sai na koma sayarwa. Na karɓi kuɗin bijimai a hannun wani dillali a kara, kasuwar shanu ta Maigatari, da alkawarin za a koro su ranar Alhamis. Alhamis ta zo ban je ba, na kashe waya. Dillalin ya ɗauki mota ya nufi rugar da kansa, sai ya tarar da Alhaji Tanko a can, shi ma ya gaji da jira ya zo ɗaukar jinginarsa. Mutum biyu suka tsaya a kan farin bijimi ɗaya, kowa yana rantsuwa nasa ne. Ni kuwa da labari ya iso ni na nufi Maigatari don in tsallaka iyaka, amma ko fita daga garin ban yi ba aka damƙe ni a tasha.

A kotu aka kira Baffa Sambo. Tunda yake bai taɓa taka ƙofar kotu ba, ya shigo yana neman inda zai ajiye sandarsa. Alƙali ya tambaye shi ko shanun nawa ne.

Ya ce, "Ba nasa ba ne, ranka ya daɗe."

"To me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ɗan aminina ne, ya zo da baƙi. Ba na ƙaryata ɗa a gaban baƙinsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma a gabana aka yi, na ji, ban musa ba. Mutanen nan ba bakinsa suka duba ba, shiruna suka duba."

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka yanke mini hukunci, aka wuce da ni gidan yari.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba, ƙazanta ce da yunwa da kwarkwata. 'Yan majalisar Gumel ko ɗaya bai leƙo ni ba, waɗanda suka sha shayi a kaina har suka yi tumbi. Hadiza ce take zuwa da ɗan ƙanzo a leda, bayan an sayar da mota da gonar gado an rage wa gwamnati nata. Akwai wata 'yar rediyo a wajen gandirobobi, wani lokacin mu jiyo labarai. Kusan kullum sai an ce gwamnati ta sake ciwo bashi, za a biya nan da shekaru masu yawa. Sai in zauna ina cizon yatsa. Ni na nuna shanun da ba nawa ba, ga ni a kan siminti. Su kuwa suna nuna guminku da na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, su karɓo, su shiga mota da jiniya, mu kuma mu yi shiru irin na Baffa Sambo. Har yau abin yana ci mini rai. Amma kada wani ya ɗauka ina wanke kaina ne. Da wannan maganar ta "su ma ci suke yi" na sayar da takina, kuma ba ta rage mini ko kwana ɗaya a kurkuku ba.

Da aka sake ni na yi mamakin yadda Alhaji Tanko da dillalin ba su tare ni a ƙofa ba. Na tambayi Hadiza, ta ce, "Je ka ruga ka gani da idonka." Na ɗauki kwanaki ina jan ƙafa, sannan na tafi a ƙasa, don ko kuɗin acaɓa ba ni da su.

Tun daga nesa na ga filin garken fayau, ciyawa ta fito a inda shanu suke kwana. Matar Baffa, Inna, ita ce ta ba ni labari, tana yi tana kallon ƙasa. Bayan shari'a mutanen gari suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe dabbobinsu, suka ce rugar da ake jinginar da shanun mutane ba wajen ajiya ba ce. Nasa na kansa kuwa, waɗanda ya gada daga ubansa, shi ya kora su Maigatari da sandarsa ya sayar, ya biya duk wanda na taɓa kawowa ya sha nono a tabarmarsa. Ba alƙalin da ya sa shi. 'Ya'yansa sun tafi kudu kiwon shanun wasu.

Can sai ga Baffa ya fito daga bayan bukka, ya rame, ya ranƙwafa. Yana janye da igiya. Jar saniya ce mai guntun ƙaho, da 'ya'yanta a bayanta, sun yi ɓul-ɓul. Su kaɗai suka rage a rugar.

Na faɗi a gabansa ina kuka. Na ce, "Baffa, don Allah ka riƙe su, ka rage asara."

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Amanar babanka ce, na sauke." Ya sa mini igiyar a hannu. "Na yafe maka, ɗana. Amma in za ka sake zuwa, ka zo kai kaɗai."

Ba a shimfiɗa tabarma ba a ranar, kuma ban ga laifin kowa ba.

Yanzu ina tuƙa babur ɗin wani, in kai masa balas ɗinsa na yini da yamma. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma tuba ba ta mayar da garke. Duk abin da saniyar nan ta haifa nakan kai ruga in ɗaure a turke in gudu, washegari in tarar an dawo mini da shi ƙofar gida.

Ku matasa, ku tsaya a inda aljihunku ya tsaya. In an yi muku dariyar riga, ku bari a yi, dariyar ba ta kai kotu. Bashin gwamnati bashi ne, kada wani ya ce muku rabo ne. In bashi ya fara fin ƙarfinku, ku sayar da abin da kuka saya, ku koma inda kuka fito tun ana gane ku. Kuma kafin ku karɓi kuɗin da ba ku san ta inda za ku biya ba, ku tambayi kanku wa zai biya in kun kasa, don lallai akwai shi. Nawa yana can a dajin Sule Tankarkar, dattijon da ya rayu cikin shanu, yau in yana son nono sai ya aika an sayo masa a kasuwa.