Katin Yaya na Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya yayana yana rainon abin da ba shi ya haifa ba. Aikinsa gyaran kwamfutoci ne a wata makarantar sakandare, amma da ya taso sai ya shige ɗan ɗakin da ke bayan kicin, inda ya jera tsofaffin kwamfutoci uku. A nan yake kula da wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke sa kwamfuta ta gane wani tsohon katin wayales har ta hau intanet da shi. Kamfanin da ya ƙera katin ya daɗe da rufewa. Wanda ya fara rubuta direban ma ya gaji ya yar, Yaya ya tsinta. Wai aikin a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara, amma kowan nan dai Yaya ne.

Ban taɓa jin an gode masa ba, kuma abin yana ba ni haushi. Wanda katinsa ke aiki bai ma san da Yaya ba. Wanda nasa ya ƙi kuwa, sai ya aiko da saƙo kamar yana magana da baransa. Yaya ya murza ido ya amsa masa a tsanake.

Masu kula da babbar manhajar da direban ke ciki suna da ƙa'ida. Duk lokacin da za su fitar da sabuwa, sai mai direba ya rubuta layi ɗaya cewa ya gwada a kan kati na gaske. In aka tsallake sau biyu a jere, cire direban ake yi. Kati bakwai Yaya ya tara, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya ƙone wata Asabar ina gidan, warin roba ya cika kicin.

Ya zaga kasuwar 'yan gwangwan har ƙafarsa ta kumbura, masu shaguna suna yi masa dariya. Ya yi cigiya a dandalin masu amfani da manhajar, ba wanda ya ce uffan. Zagaye na farko ya wuce, na biyu ya ƙarato.

"Baban yara, layi ɗaya ne fa," in ji matarsa. "Rubuta ka gwada mana. Wa zai zo ya leƙa ɗakin nan?"

Ni ma na goya mata baya, don na ga yadda ya rame.

"Ƙanwata, har da ke?" ya ce. "In na rubuta, wani can zai yarda da ni ya sabunta kwamfutarsa. In ta ƙi hawa fa? Da me zai sanar da ni, tunda intanet ɗin ne ya ɗauke?"

Bai rubuta ba, aka cire direban. Na zaci zai yi baƙin ciki, sai na ga ya soma ƙiba, yana zama falo ana hira da shi.

Bayan wata huɗu saƙo ya shigo wayarsa daga wata malama, muna cin abincin rana. A ɗakin kwamfuta take koyarwa, da kwamfuta ashirin duk masu irin katin nan. Sun sabunta, duka sun sauka daga intanet, ga ɗalibanta na shirin jarrabawa. A wani tsohon fayil ta tsinci sunansa.

Yaya ya karanta sau biyu, ya ture kwanon gabansa.

"Ashirin," ya ce. "Ina ta cigiyar guda ɗaya, ashe ga ashirin can suna aiki lafiya."

Ya dafe goshi, har na ji tausayinsa ya kama ni. Sannan ya jawo wayar ya rubuta mata: "Malama, ki kwance kati ɗaya ki aiko mini. Yaushe ne jarrabawar?"